Ƙusa a Gurbin Fiyus

Malam Tanimu, ajiye filayar nan tukuna. Ka ce in ɗaura maka waya mai kauri a gurbin fiyus don ka gaji da yankewarsa. Shekara talatin da ɗoriya ina aikin wuta, kuma ba zan ɗaura ba. Amma zauna in ba ka misali, in ya so bayan nan ka nemi wani ya yi maka.

An yi wani tela a wata kasuwa, mutumin kirki, mai hannu, wanda in ya yi maka aiki a wuyan riga sai an tsayar da kai a hanya an tambaye ka wa ya ɗinka. Lokacin da aka ja masa wuta a shago, ƙwan fitila ɗaya da fanka ne kawai gare shi, don haka siririyar waya aka bi bango da ita, ta kuma ishe shi. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi keken ɗinki mai aiki da wuta, ya ƙara injin surfani, da dutsen guga biyu, da hitar dafa shayi, duk ya jona su a kan wannan waya ɗaya. Abin da bawan Allah bai sani ba, ƙarfin da ke turo wuta daga waje yana nan yadda yake, shi muke aunawa da bolt. Abin da ke ƙaruwa shi ne yawan wutar da ke gudu a cikin waya, amfiya ke nan, domin duk kayan da ka jona sai ya ja rabonsa. In ka ninka ƙarfin turin da yawan gudun, ka sami abin da kayan ke ci, wato wat ɗin da kake gani a rubuce a gindin dutsen guga, kuma dutsen guga ɗaya ya fi fanka goma ci. Ita kuwa waya ba ta barin wuta ta wuce salin alin. Tana da turjiya, iya sirantarta iya turjiyarta, kuma turjiyar nan zafi take komawa. In wutar da ke bi ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa ake ajiye fiyus a bakin hanya, ɗan zaren waya da ya fi kowa rauni, domin in lodi ya yi yawa shi ya narke kafin wayar bango ta ɗau zafi.

Ana saura mako ɗaya Sallah, shagon telan nan ya cika maƙil da kayan mutane. A ciki akwai babbar rigar saƙi da wata tsohuwa ta kawo, ta marigayi mijinta, a rage mata tsawo ɗanta ya sa ya je Idi. Da za ta tafi sai da ta juyo ta ce, "Ka kula mini da ita, ita kaɗai ta rage a kayansa." Ya amsa da to, ya rataye ta a jikin bango, nesa da ƙura. A ranar fiyus ya yanke sau uku. Kowace yankewa sai aiki ya tsaya, ga masu kaya suna sintiri a ƙofa. A na ukun ransa ya ɓaci, ya zare fiyus ɗin ya yi jifa da shi, ya ce wannan rago ne, ya ɗauko ƙusa ya cusa a gurbin. Wuta ta dawo, ba ta sake ko ƙiftawa ba, har yana yi wa maƙwabtansa dariya da suke wahalar sayen fiyus. Kwana biyu yana jin ƙaurin roba, ya ɗauka mahauta ne ke babbaka da taya a bayan kasuwa. Ran Juma'a ya ja ƙofa ya tafi masallaci, ya bar duwatsun guga da hita a jone don kada ya dawo ya jira su yi zafi. Wayar da ke bayan rigunan ta yi zafi har robarta ta narke, jan ƙarfe ya taɓa jan ƙarfe, kuma babu abin da zai yanke. Kafin a sallame hayaƙi ya rufe layin.

Ni aka kira in duba wayar bayan an kashe gobarar. Keke ya zama baƙin ƙarfe, kayan mutane sun zama toka, ita kuwa ƙusar na same ta garau, ko lanƙwashewa ba ta yi ba. Masu kaya wasu sun yi faɗa, wasu sun yafe. Tsohuwar nan da safe ta zo, ta tsuguna ta ɗan tona tokar da kara, ba ta sami ko zare ba. Ta miƙe ta yi masa jaje, ta ce Allah ya mayar masa da alheri, ta tafi tana share ido da bakin mayafi. Telan ya ce mini da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. An haɗa masa gudummawa ya sake buɗe shago, amma bai ƙara karɓar tsohuwar rigar kowa ba, kuma in ya hango ta a hanya sai ya sunkuyar da kai. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa a ranar sai zuciyata ta karye, domin ba mugu ba ne, gaggawa ce kawai da raina ɗan ƙaramin abin da ya yi ta yi masa gargaɗi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.