Dattijon da Bai Iya Riƙe Fartanya Ba

Tun ranar farko Malama ba ta yarda da dattijon nan ba.

Cibiyar koyon noman da take koyarwa a cikinta, da tallafin wata ƙungiya take numfashi, kuma sharaɗin masu tallafin a fili yake: sai wanda bai taɓa noma ba za a ɗauka. A horar da shi, a ba shi takardar shaida, babbar gonar kamfani da ke maƙwabtaka ta ɗauke shi aiki. Matasa suka cika aji. Sai ga wannan mai furfura a bencin baya, wai shi ma sabon hannu ne.

Sabon hannu, ina! In ana kallonsa, riƙon ludayi yake yi wa fartanya, har matasan suka laƙaba masa Baba Ɗalibi. Amma rannan Malama ta waiwaya ba zato, ta ga ya ja kunyar shuka santal, ko haki bai yi ba. Suna haɗa ido ya sa ƙafa ya rushe ta.

Akwai kuwa abin ɓoyewa a cibiyar. Taraktar da aka saya da kuɗin tallafi tana gonar surukin Daraktan cibiyar tun farkon damina. Ga shi ana ta raɗe-raɗin masu tallafi kan turo mutum a ɓoye kafin su sabunta tallafin. In suka janye, cibiya ta mutu, aikinta ya tafi, kuma ita kaɗai ke riƙe da 'ya'yanta.

Ta sa masa ido. Kullum shi ke riga kowa zuwa. Ya bi shinge yana dube-dube, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya leƙa rijiya. Wata rana ya ce mata, "'Yata, gefen gabas ɗin can fa, me ya sa aka bari ciyawa ta cinye shi?" Gefen da ya kamata tarakta ta nome ke nan! Ga kuma mai gadi, mutumin da sai Darakta ya gaji da danna hon ɗin mota kafin ya motsa, yana hango dattijon zai miƙe zumbur har da rusunawa.

Ta kai wa Darakta labari. Ya share gumi ya ce, "Nasu ne, ba tantama. Kama min shi ya iya noma, mu kore shi da ƙa'idarsu. In ya kai rahoto, mu ce haushin kora ne."

Ranar zuba taki ta ɗana tarkon. Masara ta fara tashi shar, rana na ƙwallewa. Malama ta ce wa ɗalibai su zuba takin zamani a jikin karan, ya taɓa shi sosai. Suka duƙa suka fara. Dattijo ya kau da kai. Ya ciji leɓe. Ya sake kallo.

"Kai! Za ku ƙone ta!"

Ya durƙusa, ya tona rami ɗan nesa da karan, ya zuba, ya rufe, cikin ƙiftawar ido ya wuce gaba. Sai da ya kai ƙarshen layin ya ɗago, ya ga Darakta tsaye a kansa.

Nan take Darakta ya sallame shi, tunda ya iya noma. Bai yi musu ba. Ya miƙa fartanya da hannu biyu, ya dubi Malama. "'Yata, ko takardar kawai a taimaka min. Kamfani ba ya ɗaukar mutum sai da ita."

A ranta ta ce, ji iya wasan kwaikwayo. Ta juya masa baya.

Da aka tashi, zuciyarta wasai, har da 'yar waƙa. A bakin ƙofa ta tsokani mai gadi. "To, maigidanka ya tafi, sai ka huta da rusunawa. Tun yaushe ka san ƙungiya ce ta turo shi?"

Mai gadi ya ce mata:

"Wace ƙungiya kuma, Malama? Shekara da shekaru ina yi masa ƙodago. Ƙasar nan da kike koyarwa a kai gonarsa ce, bara ya sayar da ita ya yi jinyar matarsa."