Sarkin Daji da Hayaƙin da Ba Wuta

Tun da ka rantse sai ka gano wanda ya yi maka ɓarna, gyara zama ka ji abin da ya sami wani sarkin daji, ba zaki ba, mai sarautar gadin daji.

Mai gari ya damƙa masa tsaron wani kurmi mai yawan itatuwan turare, ya ce duk ranar da wuta ta ci kurmin, ta haɗa da rawaninsa. Wata bazara, rana ta take, sai ga wani shuɗin hayaƙi kwance a kan kurmin, ana hangensa har daga kasuwa. Mai gari ya aika masa cewa ya kawo mai kunna wutar ranar Juma'a, in kuwa bai samu ba, ya kawo rawani. Sarkin daji ya saɓi gora da igiya ya shiga. In ya hangi hayaƙin a gabas ya ruga can, sai ya tarar da wuri garau, ko toka babu. In ya waiga, ga shi can yamma inda ya baro. Ya kama mai gawayi, ashe watansa biyu a kwance yana jinyar ƙafa. Ya kama mai cire zuma a gindin amya, ƙudan zuma suka yi belin mutuminsu a fuskar sarkin daji. Har wata tsohuwa mai tsintar ƙirare sai da ya sa ta buɗe tafin hannu ya shinshina.

Ranar Alhamis, ido ɗaya a kumbure, ya ci karo da wani tsohon malamin makaranta yana tsinkar ganyen turare na surace. Malamin ya saurari kukansa, ya murje ganye ɗaya ya kai masa hanci, ya tambaye shi ina ƙamshin nan yake zuwa in ya bar ganye. Sannan malamin ya ce itatuwa kullum suna fitar da irin wannan tururi da ido ba ya gani, zafi kuma yana ƙara shi. In ya tashi sama, hasken rana ya dafa shi da abin da ke cikin iska, sai ya rikiɗe ya zama 'yan ƙwayoyi da suka fi garin kwalli laushi. Su ne ke warwatsa haske, na nesa ya ga shuɗi, na kusa bai ga komai ba.

Sarkin daji ya daɗe yana kallon itacen da ya jingina da shi. "Wato, Malam, kwana huɗu ina shan inuwar masu laifin?"

Ranar Juma'a ya shiga fada yana jan reshen turare ɗaure da igiya tamau, malamin na biye a matsayin shaida. Mai gari ya ji bayani, ya murje ganyen ya shinshina, ya tambaya ko shi kaɗai ne mai laifin.

"Ranka ya daɗe, suna da yawa. Sauran na baro su a tsaye, ba wanda ya gudu."

Mai gari ya yi dariya har da share hawaye, ya ce ya koma da rawaninsa ya ci gaba da tsare su, tunda ba a taɓa samun mai gadin da ya kama daji sukutum ba sai shi.

To, kafin ka ɗaure na waje, leƙa gidanka tukuna. Hausawa sun ce, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.