Azumin Fasto Wilmer

"Kwana bakwai ko ruwa ban kurɓa ba, 'yan'uwa!" in ji Fasto Wilmer, yana ba ikilisiyarsa ta garin La Ceiba labarin azumin da ya yi a kan dutse bayan ziyarar majami'un Texas.

Wata 'yar ikilisiyar, Doña Eufemia, ta ƙare wa manyan kumatunsa kallo. Da lokacin ba da shaida ya yi, ta miƙe.

"Na gode wa Ubangiji! Maigidana, kuku a jirgin ruwan 'yan shaƙatawa, shekara ashirin yana gudun coci. Jiya ya bugo waya, wai zai fara zuwa."

"Haleluya! Me ya taɓa zuciyarsa, 'yar'uwa?"

"Kai ne, Fasto. Kwana bakwai yana gasa maka nama a jirgin. Ya ce in haka ake azumi, a rubuta sunansa."