Kuskuren da Baba Yake Jira

Direban ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya makullin mota. An mayar da aikinsa wani gari mai nisa, ya zo jin amsar budurwarsa.

"Ki yarda a ɗaura mana aure mu tafi. Yayarki za ta kula da Baba."

Ta dubi mahaifinta a kujerar bakin taga. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi, ko sunanta ya ɓace masa.

"Labaran da nake ba shi kullum fa?" ta tambaya.

"Ki naɗa a waya, a riƙa kunna masa."

Ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Labaran da ya ba ni ina ƙarama nake mayar masa, kuma da gangan nake yin kuskure. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, 'A'a, 'yata, ba haka ba ne.' Lokacin kaɗai yake gane ni. Waya ba ta tsayawa a gyara mata."

Direban ya juya zai tafi.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta durƙusa gaban tsohon, ta fara labari. Yau kam kuskuren ba da gangan ba ne.