Wane Kitse?

Tun daga Fammar har asibitin Rano, Suwaiba na tallafe da mijinta a kan babur, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Malam Zailani ya daɗe da ciwon huhu, amma bai taɓa shiɗewa haka ba.

Ita ta san abin da ta aikata. Da aka ƙara masa maganin rage kitsen jini, sai ta dubi mutumin da ya rame kamar kara, ta ce wane kitse? Ta ɓoye ƙwayoyin. Kullum sai ta shimfiɗa masa tabarma a gindin murhu, tana kwaso masa waina da zafinta don ya murmure.

Ta faɗa wa likita gaskiya, kanta a ƙasa.

"Kin yi kuskure, Mama, amma ba wannan ya tayar da ciwon ba," in ji likita.

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Hayaƙi ne." Likita ya juya ga Malam. "Baba, kana shan sigari?"

Malam, da bai taɓa kai sigari bakinsa ba, ya dubi hannayen matarsa masu baƙin tukunya.

"Ina sha, likita."