Esi Ko Murhu

"Sau nawa zan kawo maka motar nan?" Wani direba ya daka wa makanike tsawa a waya, rana na dukansa, gumi na tsiyaya, na'urar sanyaya motar sai iska mai zafi take hurowa. "Esi ka gyara mini ko murhu? Wallahi yau sai ka gane kurenka!"

Ya kashe wayar, ya juya kan motar zuwa gareji. Mahaifiyarsa, wadda yake kaiwa gashin ƙashi a asibiti, tana zaune a gefensa.

"Gara ka wanke shi tas, ɗan nan," in ji ta. "Bai iya aiki ba. Kullum sai ya bar maɓallin esin nan kan shuɗi, sanyi ya yi ta cin gwiwoyina. Ni nake lallaɓawa in mayar da shi kan ja."