Ƙusoshin Kabarin Sennakti

Ƙusa ɗari uku Sennakti ya ce a gina masa, saboda maƙwabcinsa ɗari biyu da hamsin ya yi. Shi ne shugaban rumbunan hatsi na birnin Wasat, cikinsa ma rumbu ne mai zaman kansa. Tuni an fafe masa kabari a dutsen yamma, saura ƙusoshin yumbun da ake jerawa a saman ƙofa, kowace da sunan mai kabari a goshinta. Wanda sunansa ke wurin, shi ke cin gurasa da giyar da dangi suka ajiye a ƙofa, har abada.

Aikin ya faɗo hannun Kenna, maginin da babu kamarsa daga kogi har bakin hamada, in ji shi da bakinsa. Hatimin buga sunan kuwa tsoho Penbuyi ne ya kawo, magatakardan Sennakti, wani siririn mutum mai tari da ya shekara talatin a bayan kafaɗar ubangidansa yana cewa "haka ne". Ko ramin kansa bai tanada ba. In an tambaye shi sai ya ce shi ƙaramin mutum ne.

Kenna ya jujjuya hatimin. Bai iya karatu ba, zane kawai yake gani: tsuntsu, ƙafa, wani a tsugune. Shi kam ranar da ya mutu a tabarma za a naɗe shi a tura cikin yashi, ba suna, ba gurasa. Shekara arba'in yana fama da yunwa a nan, ga wata can tana jiransa wadda ba ta da ƙarshe.

"Baba Penbuyi," in ji Kenna, "tulun giya biyu da agwagwa. Ka sassaƙa min hatimi da sunana."

"Hancinka ya yi maka nauyi ke nan, ɗana? Shi ake yankewa idan an gane."

"Hancin nan bai taɓa ciyar da ni ba."

Tsohon ya yi tari, ya rungumi agwagwar. Bayan kwana uku ya dawo da sabon hatimi. Rubutun wancan a tsaye yake, na wannan a kwance. Kenna ya ga tsuntsu a nasa shi ma, ya ji daɗi, ashe sunansa bai gaza na manya ba. Ya cusa na farkon cikin tukunyar ƙaiƙayi, ya danna nasa sau ɗari uku yana fito.

Ranar dubawa Sennakti ya ɗauki ƙusa ɗaya, ya ƙura mata ido, ya juya ta, ya sake ƙurawa. Hancin Kenna ya fara ƙaiƙayi.

"Rana ta kashe min ido," in ji Sennakti, ya miƙa ta baya. "Penbuyi, karanta."

"Sennakti, shugaban rumbuna, abin ƙaunar ubangijinmu Amun," in ji tsohon, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Haka na gani ni ma."

Kenna ya ciji leɓe don kar dariya ta kuɓuce. Babban mutum guda, ashe da shi da jakin ɗebo yumbu karatunsu ɗaya. Aka jera ƙusoshin can sama, inda babu mai wahalar da wuyansa ya duba.

Da ambaliya ta zo, ƙayar kifi ta tafi da Sennakti. Penbuyi ya bi bayansa ba da jimawa ba, masu wanka suka ce ba su taɓa ganin gawa mai fara'a irin tasa ba. Kenna kuwa ya koma tafiya kamar mai gonaki. Duk ranar ziyara yana bakin kabarin yana leƙa kwanduna, yana ce wa matar mamacin, "Uwargida, a riƙa ƙara albasa. Mai wurin yana sonta."

Abu ɗaya ya rage masa: ya ji sunansa daga bakin mai karatu. Ya tono hatimin farko, ya danna su biyun a curin yumbu guda, ya gangara mashaya wurin wani baƙo daga arewa da ke rubuta wa matuƙan jirage wasiƙa.

"Mai alƙalami, ɗaya na babban mutum ne, ɗaya na wanda ya fi shi wayo. Ware min su."

Baƙon ya duba na tsaye, ya duba na kwance, ya miƙo masa curin.

"Me zan ware, magini? Duk biyun Penbuyi aka rubuta."